Fita Yawo Da Hajiya Daga Jirgin Ruwa: Ki Auna Ƙafarta Kafin Ki Biya Kuɗi

  

A wannan watan na jingine abin da na yi niyyar kawo muku, saboda wata wasiƙa da ta iso mini daga wata 'yar uwa mai bibiyar filin nan. Ta ce yayansu da ke aiki a Turai ya biya wa mahaifiyarsu kuɗin tafiyar mako guda a cikin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido a Bahar Rum, kuma ita aka zaɓa ta yi mata rakiya. Jirgin zai tashi daga Pireyas, tashar birnin Atens na ƙasar Girka, ya tsaya a Istanbul da Kushadasi a Turkiyya, sannan tsibiran Rodos da Santorini, ya dawo inda ya taso. A kowace tasha fasinjoji kan sauka da safe su shiga gari, su dawo da yamma jirgi ya ci gaba. Mahaifiyar tata shekarunta 72, tana fama da ciwon gwiwa da ciwon suga, da sanda take tafiya. An turo musu dogon jerin wuraren da za a iya kai su a kowace tasha, kowanne da kuɗinsa da hotonsa mai ɗaukar ido. Tambayarta ita ce: "Malama, wanne zan zaɓa mata, wanne zan bari?"

Na san wata za ta ce, Malama ai wannan zancen masu hali ne, mu ina muka ga kuɗin jirgin ruwa? Gaskiyarki. Amma ki daure ki karanta, domin duk wadda ta taɓa riƙo hannun tsohuwa zuwa wani gari, ko biki ne ko ziyara, za ta ga kanta a ciki.

Kuskuren da na tafka

'Yar uwa, kin yi tambaya a inda ya dace, ba don na fi kowa sani ba, sai don na taɓa yin kuskuren da nake so ki kauce masa. Bara waccan Allah Ya nufe ni da irin wannan tafiya. Ba da kuɗina ba, albashin malamar Islamiyya ai kun san shi. Ƙanin maigidana ne ya ɗauki nauyin Hajiyarsu, aka duba wadda za ta raka ta, da yake lokacin dogon hutu ne sai abin ya faɗo kaina.

Da aka ba ni jerin wuraren, sai na zauna ni kaɗai na zaɓa da idona. A tashar Kushadasi na ga hoton kangon tsohon birnin Afisa, ga dogayen ginshiƙai gwanin sha'awa, an kuma rubuta cewa wahalar tafiyar "matsakaiciya" ce. Na biya mana. Bas ta sauke mu a ƙofar sama ta kangon, ɗan jagora ya ɗaga tutarsa ya yi gaba, bas kuwa ta juya ta tafi can ƙofar ƙasa inda za ta jira mu. Wato ba zancen komawa baya. Hanyar gangara ce, an shimfiɗe ta da farin dutse irin na mabul wanda ƙafafun mutane suka goge shekara da shekaru har yana santsi, ga ranar watan Agusta, ba inuwa ba wurin zama. Muna cikin tafiya Hajiya ta nemi wani dutse ta zauna, ta ce mini ba tare da ta dube ni ba, "'Yar nan, bi su ki ga abin da aka biya kuɗi dominsa, ni ina nan."

Ban bi su ba. Da kyar da jiɓin goshi muka isa ƙofar ƙasa, mu ne na ƙarshe, bas cike da mutane suna jiranmu. Ba wanda ya ce uffan, amma Hajiya ta shiga kanta a sunkuye, matar da a gida ko 'ya'yanta maza ba sa zama sai ta ce su zauna. Daren nan gwiwarta ta kumbura. Washegari jirginmu ya isa Istanbul, Hajiya ko banɗaki sai na riƙe ta. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, tun muna gida ta faɗa sau ɗaya, a cikin hira, cewa ta ji an ce a Istanbul kabarin Sahabi Abu Ayyuba al-Ansari yake, za ta so ta kai ziyara. Ta tagar ɗaki ta ga hasumiyoyin birnin. Na ƙarar mata da ƙafa a kan duwatsun da ba su dame ta ba, na hana ta wuri ɗayan da zuciyarta take so.

Darasin da na ɗauka shi ne, ƙafar tsoho kamar kuɗin cefane take. Abin da aka ba ki na mako ke nan, in kika kashe shi ranar Litinin, kada ki yi mamaki in tukunya ta kwana a kife ranar Alhamis. Duk abin da zan faɗa miki a ƙasa, a kan wannan ya ginu.

Fara da tambayarta

Kafin ki buɗe jerin nan, ki zauna da Mama ki karanto mata sunayen garuruwan, ki ɗan bayyana mata abin da ke kowanne, sannan ki tambaye ta: a duk tafiyar nan, wane wuri ɗaya ne in ba ki gan shi ba za ki ji kamar ba ki zo ba? Kada ki karɓi "duk wanda kuka ga ya dace" a matsayin amsa, wannan kawaici ne irin na iyayenmu. Ki sake tambaya wata rana ta wata fuskar. In kin samo wurin, to shi ne ginshiƙin tafiyar, ranar da ke gabaninsa ta zama ta hutu ko ta fita mai sauƙi ƙwarai. Jirgin da ke tsayawa a tasha huɗu ko biyar a mako bai wajabta wa kowa sauka a dukkansu ba.

Ki auna ƙafar tun daga gida

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fita da Mama tattaki a unguwa, agogo a hannunki, ki ga minti nawa take yi kafin ta nemi wurin zama. Ki ƙirga matakala nawa take iya hawa, da abin dafawa da kuma babu. Ki lura da tsawon lokacin da take iya tsayuwa wuri ɗaya, domin a yawon buɗe ido tsayuwar layi da tsayuwar sauraron ɗan jagora sukan fi tafiyar kanta cin gwiwa. Ki yi wannan awon da rana tsaka ko da la'asar, a ranar da jikin ba ya mata daɗi sosai, ba da sanyin safiyar da ta tashi garau ba. Ki rubuta abin da kika samu a takarda. Da wannan takarda za ki je wurin likitanta kafin tafiya, da ita kuma za ki auna kowane yawo da aka tallata miki.

Idan abin da kika samu bai wuce minti goma ko sha biyar ba, ki nemi keken marasa lafiya mai naɗewa, mara nauyi, ku tafi da abinku. Kekunan da ke cikin jirgin ruwa galibi na shiga da fitar ranar farko da ta ƙarshe ne da kuma na gaggawa, ba a ba da aronsu a fita da su gari. Na san me Mama za ta ce: "Ni ba gurguwa ba ce." Ki lallaɓa ta, ki ce kujera ce da za ta riƙa binta duk inda ta je, in ta ga dama ta tura shi da kanta ta ɗora jakarta a kai, in ta gaji ta zauna. Sai dai ki sani ke ce mai turawa. Ma'aikatan jirgi kan taimaka a kan tsanin sauka, amma daga nan aikinsu ya ƙare, ɗan jagora kuma ba aikinsa ba ne. Ki kuma sanar da kamfanin jirgin halin da take ciki tun yanzu, suna da fom na musamman da ake cikewa, ɗakunan da aka tanada wa masu lalurar tafiya kuwa 'yan kaɗan ne, da wuri suke ƙarewa.

A gaɓa jirgin zai tsaya ko a cikin ruwa?

Wannan ita ce tambayar da ban san ana yi ba sai da na gani da idona. A wasu tashoshin jirgi kan matso har jikin gaɓa a sa tsani, mutum ya taka ya sauka. A wasu kuwa babu wurin da zai ɗauki girmansa, sai ya tsaya can cikin ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage zuwa gaɓa. Shiga ƙaramin jirgin nan shi ne wurin haɗari ga tsoho, domin babba na tsaye, ƙarami na hawa da sauka da igiyar ruwa, dole mutum ya tsallaka da ƙafarsa a daidai lokacin da aka ce ya tsallaka. Wasu kamfanonin har gwaji suke yi, su ga ko fasinja zai iya tsallake tazarar santimita 45 shi kaɗai, wanda ya kasa ba a barinsa ya shiga. In iska ta taso kuma, kyaftin na da ikon hana mai keke sauka ko ma ya soke tashar baki ɗaya. A tafiyarku, Istanbul da Kushadasi da Rodos a jikin gaɓa ake tsayawa, Santorini ce ta ƙananan jirage.

Abin da takardar talla ba ta faɗa

Kamfanoni kan kasa yawonsu kashi uku: mai sauƙi, matsakaici da mai wahala. Kada wannan ya ruɗe ki, da ƙafar mai lafiya aka yi awon. "Matsakaici" shi ne ya zaunar da Hajiyarmu a kan dutse. Ki rubuta musu, ko ki je teburin masu shirya yawo a ranar farko da kuka shiga jirgi, ki yi waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kada ki ji nauyi:

Minti nawa ake yi a ƙafa gaba ɗaya, kuma mene ne mafi tsawo da ake yi ba a zauna ba? Matakala nawa ne, akwai abin dafawa? Ƙasan wurin shimfiɗaɗɗe ne ko daɓen duwatsu ne? A inda bas ta sauke mutane nan take ɗaukarsu, yadda in Mama ta gaji za ta iya zama a ciki ta jira? Akwai wurin sa keke a motar? Ina da ina ake tsayawa don banɗaki, kuma na zama ne ko na tsuguno? Ƙarfe nawa ake cin abinci? Zuwa yaushe za a iya fasawa a dawo wa mutum da kuɗinsa?

Hanyoyin fita kuwa uku ne. Akwai bas ɗin da jirgi ya shirya. Amfaninta shi ne in ta makara jirgi kan jira ta, ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku tasha ta gaba. Illarta, da saurin jama'a ake tafiya, ga matakalar ƙofarta masu tsayi da za a hau a sauka sau da yawa, kuma a Turkiyya sau tari akan ƙare da kai mutane shagon darduma. A cikin irin wannan, ki nemi wanda aka ce na kallon gari ne daga cikin mota. Akwai kuma ƙaramar mota da direba da ɗan jagora naku ku kaɗai, ta fi tsada, amma ku ke da ikon cewa a tsaya ko a juya. Sai ta uku, ku ɗauki tasi da kanku zuwa wuri ɗaya na kusa ku dawo. Shawarata, kuɗin da za a kashe a yawo biyar na bas, a tattara shi a yi biyu da ƙaramar mota.

Mu bi tashoshin ɗaya bayan ɗaya

Atens. Tunda daga nan za ku tashi, ku isa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, Mama ta warware gajiyar jirgin sama, kada ta shiga jirgin ruwa da kumburarriyar ƙafa. Abin da aka fi zuwa gani shi ne Akrofolis, tsofaffin gine-gine a kan tsauni. Tun watan Disamba na 2020 an sa masa sabon lif domin masu lalurar tafiya, amma ki tabbatar yana aiki a ranar kafin ku tafi, kuma a shekarun 2023 da 2024 hukuma ta sha rufe wurin da tsakar rana saboda tsananin zafi. Mafi sauƙi shi ne gidan tarihin Akrofolis da aka buɗe a 2009 a gindin tsaunin. Akwai lif, akwai sanyi da wurin zama, kuma ta gilashin benensa na sama ana hango tsaunin sarai.

Istanbul. Jirage na tsayawa a tashar Galataport da aka buɗe a 2021, a tsakiyar birni. Sai dai tsakanin jirgi da ƙofar fita akwai 'yar tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, ki sa ta a lissafi. Birni ne mai tuddai da cunkoson motoci, saboda haka wuri ɗaya ko biyu sun isa. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, wanda aka fara ginawa a 1609, yana fuskantar Aya Sofiya, fili ne shimfiɗaɗɗe a tsakaninsu. Aya Sofiya an gama gina ta a shekara ta 537 a matsayin coci, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, ta sake komawa masallaci a 2020. Daga watan Janairun 2024 aka raba hanyar masu yawon buɗe ido da ta masallata, masu yawo benen sama ake kai su, wanda hawansa ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Saboda haka kafin ki biya yawon da ya ƙunshe ta, ki tambaya ta wace ƙofa za a shiga. Fadar Topkapi, inda aka adana kayayyakin tarihi da ake jinginawa ga Manzon Allah (SAW) da sahabbansa, tana da faɗi ƙwarai, ɗakin kayan yana can farfajiya ta uku, ga dogon layi, kuma ba a buɗe ta ranar Talata. Babbar kasuwar nan mai rufi, mai shaguna kimanin 4,000, ba ta ci ranar Lahadi, sauran ranaku kuma turereniya ce da ba ta dace da mai sanda ba. Masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyuba yake, wanda ya sauki Annabi (SAW) a gidansa lokacin hijira zuwa Madina, yana wuri mai shimfiɗa a bakin ruwa, tasi kan kai mutum kusa. Ku guji ranar Juma'a da ƙarshen mako saboda cika. In kuma ƙafa ta ƙi gaba ɗaya, yawon jirgin ruwa a mashigin Bosforus a zaune ake yinsa, Turai a hannu ɗaya Asiya a ɗayan.

Kushadasi. Jirgi na tsayawa a bakin garin, kasuwa da wuraren shan shayi suna nan kusa. Afisa na da nisan kilomita 20 ko ƙasa da haka kaɗan. Daga ƙofar sama zuwa ta ƙasa tafiyar ta haura kilomita ɗaya da rabi. In Mama na son gani, ku ɗauki ƙaramar mota ku shiga ta ƙofar ƙasa da sassafe. Ta nan hanyar ta fi shimfiɗa, za ku ga babban dandalin nan mai kujerun dutse da aka ce yana ɗaukar mutum 25,000, in da sauran ƙarfi ku ƙarasa gaban ɗakin karatun Selsus da aka gina a ƙarni na 2, sannan ku juyo ta inda kuka shigo. Kada ku karɓi tikitin gidajen attajirai da ke jikin tudu, matakala ce zalla. A garin Selcuk da ke kusa akwai gidan tarihi mai sanyi da masallacin Isa Bey da aka gina a 1375. Za a kuma nuna muku wani kogo a ce na As'habul Kahfi ne, to ki sani akwai wasu wurare a Turkiyya da Jodan da su ma ake faɗin haka a kansu, kada ki wahalar da tsohuwa a kansa.

Rodos. Wannan ita ce mai sauƙin sauka, domin daga jirgi ana ganin ganuwar tsohon garin, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Matsalar ita ce daɓen, tsakuwa ce da duwatsu masu girgiza keke da kama bakin sanda, titin da ya hau zuwa fada kuma tudu ne. Ku tsaya a ƙasa-ƙasa kusa da ƙofofin bakin ruwa, ku sha shayi, ku sayi tsaraba, ko tasi ta zagaya da ku bayan ganuwa. Za a kwaɗaita muku garin Lindos mai nisan kilomita 50, inda ake hawa matakala masu yawa zuwa kan tsauni. Ki bar shi ga masu gwiwa.

Santorini. Hotonta ne ya fi na kowa kyau, fararen gidaje da shuɗɗan ƙubbobi a bakin dutse, ita ce kuma ta fi kowa wahala. Bayan ƙaramin jirgi ya sauke mutum a tsohuwar tasha, garin Fira yana can sama da mita 200 a kansa. Hanyar hawa uku ce: matakala kusan 600, ko bayan jaki da alfadari a kan matakalar nan, ko wasu ƙananan akwatuna shida da ake ja a kan igiyar ƙarfe, kowanne na ɗaukar mutum shida. In jirage da yawa suka haɗu rana ɗaya, layin akwatunan nan kan yi tsawo ƙwarai, a tsaye, a cikin rana, musamman da yamma da kowa ke son komawa. Yawon da jirgi ya shirya kan sauke mutane a wata tashar da bas ke jira, amma sau da yawa a Fira yake ƙarewa, a ce kowa ya sauko da kansa. Ki tambayi wannan musamman. Ni dai da za ki ji tawa, wannan rana ta zama ta hutu. Jirgin na tsayawa ne a tsakiyar ramin wani tsohon dutse mai aman wuta da teku ya cike, daga samansa ana ganin tsibirin kewaye da mutum. Mu a nan muka wuni, jirgi ya yi shiru kowa ya fita, ba layin abinci ba turereniyar lif. Ita ce ranar da na ga Hajiya ta yi dariya har da ba ni labarin ƙuruciyarta.

Jirgi ba ya jira

Akan buƙaci kowa ya kasance a ciki kimanin rabin awa kafin lokacin tashi, ƙaramin jirgi na ƙarshe kuma kan bar gaɓa tun kafin haka. Wanda ya fita da kansa ya makara, to shi zai nemi hanyar cim ma jirgi a tasha ta gaba da kuɗinsa, wataƙila a wata ƙasar daban. Mai tafiya da tsohuwa ta sa wa ranta dawowa awa biyu kafin lokaci. Ki ɗaura agogon hannu ki saita shi da lokacin jirgi, kada ki dogara da waya mai canja lokaci da kanta. Turkiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu duk shekara. Girka tana daidai da Turkiyya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, bayan nan sai ta koma baya da awa ɗaya. Kullum akan raba takardar shirin rana mai ɗauke da lambar wakilin jirgi a wannan tashar, ki sa ta a jaka kafin ku fita.

Jakar hannu da takardu

Maganin Mama na yini biyu ya kasance a jakarki duk lokacin da za ku sauka, a cikin kwalinsa, tare da takardar likita da aka rubuta da Turanci. Ki tambayi likita yadda za a daidaita lokacin allura ko ƙwayar suga da bambancin awa biyun nan, da kuma lokacin da ya dace ta sha maganin hawan jini mai sa yawan fitsari a ranar fita. Ki riƙe dabino ko alewa saboda faɗuwar suga, da ruwa, da lema. Kada ta ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki, tsofaffinmu sun iya wannan dabarar, kuma ita ke kai su ga jiri. Takalmi ya zama mai tafin roba mai kama ƙafa, mai sauƙin cirewa a ƙofar masallaci, ban da silifas. Zani da hijabi kada su ja ƙasa, nan da nan suke harɗe ƙafa a kan tsani. A Girka ki tambaya kafin ki sayi nama a gari, naman alade ya yawaita a abincinsu na kan hanya.

Game da takardu, tunda jirgin zai bar Girka ya shiga Turkiyya ya sake dawowa, bizar Shengen ɗinku ta zama mai ba da damar shiga fiye da sau ɗaya, sannan ki bincika sharuɗɗan bizar Turkiyya daban. Bizar Shengen ba ta samuwa sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, amma ki duba cewa ta haɗa da Turkiyya, da tafiyar jirgin ruwa, da ciwon da Mama ke da shi tun asali, domin asibitin cikin jirgi ba kyauta ba ne. In kuma ranar tafiya ba ta riga ta tsayu ba, watan Mayu ko Oktoba sun fi Yuli da Agusta sauƙin zafi da cunkoso.

Ki karanta fuska, kada ki jira baki

Abu na ƙarshe, wanda babu kamfanin da zai rubuta miki shi. Iyayenmu ba sa cewa sun gaji. Za ki tambaya a ce miki "ba komai, mu je," saboda ba ta so a ce an yi asarar kuɗi dominta, ko ta zama ita ce ta tsayar da jama'a. In suruka ce kuwa, kunya ta ninka. Saboda haka ki sa ido: in hira ta ɗauke, in ta fara dafa bango, in taku ya gajarce, in ta daina kallon abin da ake nunawa ta koma kallon ƙasa, to lokaci ya yi. Kada ki ce mata "Mama kin gaji?" a gaban mutane. Ki ce ke ce ƙafarki ke ciwo, ko ƙishirwa ta dame ki, ku nemi wuri ku zauna. Ki kuma faɗa wa Yaya tun yanzu cewa ba kowace tasha za ku sauka ba, kada ya riƙa bugo waya yana tambayar hotuna har Mama ta ji dole sai ta fita don ta faranta masa.

Da muka dawo gida, jikoki suka kewaye Hajiya suna tambayar abin da ta gani. Ta ba su labarin teku da girman jirgi da fararen gidajen kan dutse. Ba ta taɓa ambaton Afisa ba, ba ta kuma taɓa ce mini komai a kan Istanbul ba, har yau. Wannan shirun ya fi mini faɗa ciwo. Ke da Allah Ya ba ki dama tun ba ku tashi ba, je ki zauna da Mama yau ki tambaye ta wurin nan guda ɗaya, ki rubuta shi a saman takarda, sauran su biyo baya.

Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, waɗanda suka riga mu kuma Ya jiƙansu. In kun dawo ki rubuto mana yadda aka yi. Sauran 'yan uwa masu tambaya, ƙofa a buɗe take kamar kullum. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum.